Kalaman Iya Subomi a Shafi Biyu

Kemta, Abeokuta
9 ga Afrilu

Egbon mi Sijuwola,

Na durƙusa ina gaishe ku, yayata. Yaya aiki, yaya sanyin Leeds? Ƙafar nan taku ta bar kumburi kuwa? Ku gaishe mini da maigidanku Baba Tomi da yara. Mu nan lafiya lau, sai Mama Risi ta marina da tari ya kwantar kwana huɗu. Jiya ta tashi tana zagin kowa, muka san ta warke.

Ga zannuwan adire goma sha biyu da kuka ce, duka zanen hannu ne da gashin kaza. Na san za ku ce me ya hana in kira ku. A waya ba abin da nake iya ce muku sai "to ma, to ma", in ajiye in zauna ina cizon yatsa. Tunda ƙunshi ba ya fita gidan nan babu wasiƙa a cikinsa, yau al'adar ta yi mini rana.

Ranar Lahadi Baba Sodeinde ya kira ni a matsayinsa na shugaban dangi. Ɗansa Lauya Dotun ya kawo wani mai son filin marina ya gina shaguna. Baba ya ce tukwane goma sha takwas kakata Iya Subomi ta bari, yau huɗu ke da rai, matan zane shida suka rage, su ma rabin mako a zaune suke. Ya ba ni zuwa ranar tunawa da Iya, ashirin ga Agusta. In dangi suka taru suka ga marina ba aiki, za a fasa tukwanen a zuba harsashi.

Shekara biyu ke nan da na buɗe wa marina shafi a intanet. Na sa Kalaman Iya a gaba, kamar yadda aka yi rantsuwa a gefen gadonta: duk ɗan gidan da ke sayar da adire zai kafa kalamanta inda mai saye zai gani, ba ƙari, ba ragi, ba sauya ko kalma ɗaya. Ku ma haka kuka yi a shafin shagonku tun shekara tara da suka wuce. Har bayanin kowane zane daga cikinsu muka ɗebo, ni da ku.

Na yi ta mamakin abin da ya sa ba mai leƙo mu. Sai na rubuta sunan Iya a injin bincike, Leeds ta fito. Na rubuta "adire na hannu a Kemta", Leeds ta fito. Na rubuta layin farko sukutum, "Ni Subomi, hannuna bai ƙara yin fari ba tun ina shekara bakwai", ina zaune a kan turmin da take daka ganyen baba, aka nuno mini shagonku har da lambar bas ɗin da ke zuwa can. Mu ko ƙasa ko sama.

Na tambayi wata a Ibadan da aikinta ke nan. Ta ce ba wanda ya hukunta mu. Injin in ya tarar da rubutu iri ɗaya sak a wuri biyu, ba ya nuna duka, ɗaya yake zaɓa ya ɓoye ɗayan. Naku ya riga namu, jaridun can sun sha ambatonsa, sai ya ɗauka ku ne tushe, mu ne masu kwafa.

Maganin ba wuya. Akwai wani ɗan layi da ake sakawa a bayan shafi, mai saye ba ya ganinsa, injin kaɗai ke karantawa. Cewa yake yi asalin wannan rubutu yana wuri kaza. Ku sa mai kula muku da shafi ya saka shi, ya nuna Kemta. Kalaman suna nan a shafinku ba a taɓa ko ɗigo ba, rantsuwa ba ta karye ba. Ina jiran amsarku da zuciya ɗaya.

Ƙanwarku,
Morenikeji

*

Leeds
3 ga Mayu

Aburo mi Keji,

Sannu da aiki ƙanwata, sannu da riƙon gida. Kaya sun iso, biyu sun ɗan yi duhu fiye da kima amma na karɓa. Ƙafa tana nan yadda take, likita ya ce in rage tsayuwa, kamar shi zai tsaya mini a shago. Ki ce wa Risi in ta sake kwanciya ni zan zo in tashe ta da bulala.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Na farko na yi dariya, na biyu na cire tabarau na goge, na uku na kira mutumin da ke kula mini da shafi. Na karanta masa ɗan layin naki mai sauƙi. Ya ce, "Madam, in kika sa wannan, shafinki ne zai nutse, nata ya taso." Wannan ɓangaren ba ki rubuta ba, Keji. Ko biron ne ya ƙare a daidai nan?

Wato shafina ya durƙusa wa naki, a ɓoye ma, inda ba mai gani. Ni da na goya ki ina tankaɗe toka, kika yi mini fitsari a zanen Kirsimeti. A gidan wa aka taɓa yin haka?

Kuma na ga maganar "masu kwafa" da kika jefo. Ba sai kin juya ta ba, na san wadda ake nufi. Tun da kakata Aduke ta yi faɗa da yayarta Subomi ta bar marina ake ce mana reshen waje. To bari in tuna miki. Shekara bakwai na yi a hannun Iya. Da ta kwanta a asibiti, wa ya riƙe mata rikoda? Wa ya zauna kwana tara yana mayar da kaset baya yana rubutawa, tana cewa ba haka na faɗa ba, goge? Lokacin ke kina makarantar kwana kina aikawa a kai miki gari da sukari. In injinku ya ce ni ce tushe, to sau ɗaya dai injin ya faɗi gaskiya.

Ke kina da tukwane, kina da ganye, kina da rana ta shanya. Ni nan ko ranar ba ni da ita. Kalaman nan su ne kawai abin da na fito da shi daga gida, kuma da su Turawan nan suka san ni. Ba zan sa layin ba.

Maganar fili ta dame ni, kada ki ce ba ta dame ni ba. Zan kira Baba in roƙe shi ya ƙara miki lokaci. Ke kuma ki biya talla kamar kowa, ki dage da addu'a.

Yayarki,
Sijuwola

*

Kemta, Abeokuta
26 ga Mayu

Egbon mi,

Ina gaisuwa da girmamawa. Allah ya sauwaƙe ƙafa. Mama Risi ta ce bulalar ku taho da ita, tana jira. Ruwa ya sauka sosai, shanya ta zama aiki.

Gaskiya ne, ban rubuta cewa shafinku zai sauka ba. Na sani, na yi shiru, kuma ban kyauta ba. Amma "masu kwafa" mu nake nufi, ku sake dubawa. Ban taɓa ce muku reshen waje ba, faɗan kakanni ba a gabana aka yi ba. Baba ya ce kun kira, ya kuma ce ashirin ga Agusta tana nan inda take.

Tunda yau ranar faɗin abin da aka ɓoye ce, ga nawa. Makon jiya wata malamar jami'a ta zo daga wajenku, sai da ta yi ta tambaya a kasuwa kafin aka kawo ta. Ta fito da zane daga jaka tana murna, ta ce a shagonku ta saya, ta karanta Kalaman Iya har ta yi hawaye, tana son ganin hannun da ya zana shi. Ta miƙa wa Mama Risi. Mama Risi ba ta ko buɗe shi ba, hanci ta kai.

Ta ce, "Keji, gaya wa baƙuwarki wannan bai taɓa gaisawa da tukunya ba."

Na ce, "Mama, a hankali."

Ta ce, "Hankalin me? Ƙamshin man inji yake yi. In ni na zana wannan, to ni na haifi gwamna."

Matar ta tambaye ni me ta ce, na ce tana yaba launin. Egbon mi, ƙarya na yi domin in rufa muku asiri, kuma har yanzu tana ci mini rai. Zane goma sha biyu kuke karɓa daga wajenmu a wata uku, shafinku kuwa ɗaruruwa ne a jere, duka a ƙarƙashin sunan Iya. Ba na hana ku sayar da bugun inji, kowa da abincinsa. Amma wanda ya nemi tukunyar Subomi, injin bincike wajen bugun inji yake kai shi, mata shida kuma suna nan suna korar ƙuda.

Na nemi wata hanya. Ta Ibadan ta ce kuna iya barin layi uku kawai, ku ce mai son saura ya latsa nan ya zo Kemta. Na kai wa Baba, ya ce ragi ne, rantsuwa ta hana. Talla kuwa na gwada, ranar da aka daina biya ranar muka sake ɓacewa. Saura ɗan layin nan kaɗai. Ba don ni za ku sa shi ba, don tukwanen da kuka tankaɗe wa toka ne.

Ƙanwarku,
Morenikeji

*

Kemta, Abeokuta
22 ga Yuli

Egbon mi,

Ina gaishe ku. Ina fata lafiya ce ta kawo shirun, ko da yake na san shirun da nake ji. Mako takwas ba amsa. Na kira sau biyu, Baba Tomi ya ce ba kwa kusa. Na gane.

Ba roƙo na zo yi ba wannan karon, sanarwa ce. Shekaranjiya na cire Kalaman Iya daga shafin marina, duka, tun daga "Ni Subomi" har zuwa amin. Kun ce su kaɗai kuka fito da su daga gida, to ku riƙe, na bar muku. Injin ba zai ƙara ganin abu ɗaya a wuri biyu ba.

Kafin nan mako uku na yi ina bin matan nan da littafi. Da farko suka ƙi. Iya Lape ta ce, "Mu me za mu faɗa bayan Subomi ta gama faɗa?" Na ce ta gaya mini yadda take gane kullun rogo ya yi daidai da zane. Ta fara, sai da na cika shafi huɗu ba ta tsaya ba, har da labarin ranar da akuya ta shanye mata kullu ana jibi biki. Daga nan kowa ta ce sai an rubuta nata. Yanzu kowane zane yana da bayaninsa daga bakin wadda ta zana shi, kowace tukunya da sunanta da halinta. Wannan rubutu babu shi a ko'ina a duniya sai wajenmu.

Jiya Baba ya aiko a kira ni. Na durƙusa, ya bar ni a durƙushe.

Ya ce, "Ke ce kika goge bakin uwarmu?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "Kin san abin da aka rantse a kai?"

Na ce, "Na sani. Kun ce in kawo aiki kafin Agusta, kun kuma ce kada in taɓa abin da ya hana aikin zuwa. Ɗaya zan iya, Baba, ba biyu ba."

Ya ce in mayar kafin faɗuwar rana. Na ce ya yi haƙuri, ba zan mayar ba.  Ya ce mu haɗu ranar ashirin a gaban kowa.

Tsoro nake ji, Egbon mi, ba zan ɓoye ba. Wataƙila in rasa filin, in rasa dangin gaba ɗaya. Amma gara a fasa tukwanen ina tsaye ina faɗa da a fasa su ina jiran wasiƙa.

Morenikeji

*

Leeds
24 ga Yuli

Keji,

Sannu da gida. Kafin ki fara zagina a zuci, asibiti nake. An yi wa ƙafar aiki, mako biyar ina kwance, ni na hana Baba Tomi ya faɗa, don ban son a tara mini coci guda a waya ana kuka. Yanzu ina takawa da sanda kamar tsohuwar gaske. Wasiƙarki ta Mayu ita ce ta ƙarshe da na gani, kuma a gadon asibiti na karanta ta.

Risi ba ta da kunya, ba ta taɓa yi ba. Amma da na dawo gida na sa aka ɗauko mini zane ɗaya daga shago, na kai hanci. Na ce a mayar.

Ɗan layinki na ɓoye ban sa ba, kuma ba zan sa ba. Ni ba na abu a bayan shafi. Mai kula mini da shafi ma ya ce injin yana iya bin layin, yana iya ƙin bi. Na ce to mene ne wanda ba ya iya ƙi? Ya ce sai dai a rufe shafin Kalaman ɗungurungum, duk wanda ya nufo shi a wuce da shi kai tsaye zuwa naki, har jaridun da suka ambace ni duk su koma nuna ki. Ya tambaye ni sau uku ko na tabbata. Na ce ya yi aikinsa ya bar ni da ciwon ƙafata. Jiya aka yi.

Kada ki ɗauka durƙusawa na yi. Babba ce ta ba ƙarama kyauta, ki karɓa da hannu biyu. Rantsuwa kuma ban karya ba. An ce mai sayar da adire, hancin Risi kuwa ya ce ba adire nake sayarwa ba. Zannuwanku na hannu kuwa, takardar Kalaman da ke bangon shagona ta ishe su.

Ya yi mini ciwo, Keji, fiye da wuƙar likita. Yanzu a intanet duka wuri ɗaya Kalaman Iya suke, a hannunki. Ki riƙe su da kyau.

Yayarki,
Sijuwola

*

Kemta, Abeokuta
23 ga Agusta

Egbon mi Sijuwola,

Na durƙusa har ƙasa. Sannu da jiki, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ku yafe mini abin da na zata game da shirunku. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya, na san yanzu tawa ta iso, kun ga abin da na aikata. Kun rufe naku domin Kalaman su zauna a nawa, ni kuwa na riga na cire su kwana uku kafin nan. Da na karanta taku na shiga bayan rumfar shanya na yi kuka, Iya Lape ta zata mutuwa aka yi.

Tun farkon Agusta mutane suka fara shigowa ta ƙofar da kuka buɗe, suka tarar da surutun matan nan, suka zauna. Wani otal a Legas yana son labule, wata makaranta za ta kawo ɗalibai koyo. Ranar taro tukwane tara ke da rai, shuɗi har bakin titi.

Dangi sun fi mutum saba'in. Bayan an ci amala, Baba ya ce a karanta Kalaman kamar kowace shekara, sannan a yi shari'ata. Kun san tun da ruwa ya cinye takardarsu da ke bangon marina daga waya ake karantawa. Lauya Dotun ya gyara babbar riga, ya nemi shafinku, aka wuce da shi namu. Bai duba ba ya ɗaga murya: "Sunana Risikatu, shekara hamsin da ɗaya ina rini, kuma duk wanda ya ce maka shuɗi ba ya zuba a wankin farko, maƙaryaci ne."

Wuri ya ɗauki dariya. Mama Risi daga baya ta ce, "Ci gaba, Lauya, akwai inda na zo kan masu sayar da filin uwarsu."

Baba bai yi dariya ba. Dotun ya nema, ya sake nema, babu. Baba ya dubi jama'a ya ce, cikin waɗanda suka rantse, wa zai faɗa da ka? Kowa ya koma duban kwanonsa. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Ke da kika goge, tashi ki biya."

Na tashi. Na yi layi takwas lafiya lau. A na tara, inda take maganar tokar da ake ciyar da tukunya da ita, kaina ya ɗauke. Shekara biyu suna gaban shafina, kullum ina ganinsu, ashe gani kawai nake yi. Ina tsaye sai na ji muryar Mama Risi ta ɗauka daga inda na tsaya. Iya Lape ta bi, sauran huɗun suka bi. Ba su ko tashi ba, suna zaune a kan benci da hannuwansu shuɗaye a cinya, suka kai su har amin ba tuntuɓe. Su da ba a ma kira su wajen rantsuwar ba, don an ce ma'aikata ne.

Sai Baba ya yanke hukunci. Ya ce mai shaguna ya nemi wani wuri. Fili yana nan muddin akwai mai rini a cikinsa da ta iya Kalaman da ka. Ranar da aka rasa, ranar za a fasa tukwane, ko da aiki ya kai rufi.

Ya ce kuma in mayar da su shafi. Na ce a'a, a gaban mutum saba'in. 'Yan uwa biyu a Legas da ɗaya a Fatakwal suna shirin buɗe nasu shafukan, ranar da na mayar ranar za su kwafa, mu koma gidan jiya. Wanda ke son jin Subomi ya zo Kemta. An ci tarata akuya da hana ni zama a layin gaba shekara uku, na ce na gode. Ku ma ina roƙon kada ku mayar da naku, ko da yake na san ba a ba ku umarni.

Ga abin da ke hana ni sakewa, Egbon mi. Ƙaramar cikin matan nan shekararta sittin da ɗaya, babbar kuma, Mama Risi, tarin nan bai rabu da ita ba. A bayansu ba kowa sai ni, ni kuma na kakare a layi na tara. Mama Risi ta ce in same ta gobe da sassafe a bakin tukunya ta uku, kuma in bar wayata a gida.

Ƙanwarku,
Morenikeji